Ranar da Baba Ya Ba da Amanata a Gindin Dutse

Duk wanda ya san gidanmu a Greensboro ya san labarin nan, kuma babu ko mutum ɗaya da ya san shi daidai. Cewa suke yi wai wata Asabar cikin Janairun 2001 Baba ya kai ni dutsen da ake zamiya a kan ƙanƙara, ya saya min tikitin lif, wato kujerun nan da ke rataye a jikin waya suna hawa da mutane sama, ni kuwa da na ga suna reto sai na noƙe, muka dawo gida da tikiti a ƙirji ban hau ko sau ɗaya ba. Har yau in an taru suna ko walima, Anti Mariyama tsohuwar maƙwabciyarmu ba ta gajiya. “Zuwaira sarkin tsiwa, baki kamar ta cinye mutum, amma kujera ta kore ta!” Sai a kwashe da dariya, ni ma in yaƙe haƙora. To na gaji da yaƙe haƙora. Ba tsoro ne ya hana ni hawa ba. Ga yadda aka yi, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Lokacin ina da shekara goma sha ɗaya, ba mu daɗe da baro Damagaram ba, ni da Mama, muka iske Baba a nan. Muna zaune a gidajen hayan nan na bayan Wendover Avenue, a hawa na biyu, inda bangon da ya raba ka da maƙwabci bai fi kwali kauri ba. Babu tsakar gida. Filin ajiye motoci shi ne tsakar gidan kowa, shi ma an hana ni sauka ni kaɗai in ba shara zan zubar ba. Aikina shi ne kai wanki ɗakin injin wanki da sulalla ɗaure a bakin ɗankwali, da riƙe wa Mama turmi in za ta daka yaji, bayan mun shimfiɗa tsohon bargo a ƙarƙashinsa don kada na ƙasa su bugo mana sili da sandar goge-goge. Wasana carafke ne a kan matakalar bene, da tsakuwar da na tsinto a gindin furannin ofishin mai gida, in jefa, in cafe, in ci kaina, in sake. 'Ya'yan Hausawan da ke wurin duk a nan aka haife su, ƙanana ne, in na yi musu Hausa sai su amsa min da Turanci. A lakwal kuma, kamar yadda Baba ke kiran makaranta har gobe, Turancina ake wa dariya. Can ban isa ba, nan na yi yawa.

Bayan hutun Kirsimeti sai na ga yaran ajinmu sun dawo da wata farar takarda a zif ɗin jaket, an naɗe ta a jikin 'yar siririyar waya. Tikitin lif ne na dutsen zamiya, kuma ba sa cire ta. Wasu ma biyu gare su, wasu uku, sun yi dauɗa sun kanannaɗe, amma ana taƙama da su. A layin abinci in mai takarda ya ga mai takarda sai hira ta ɓarke: wane dutse ka je, wa ya faɗi, wa ya karya hannu. Ni kuwa da farantina ina can ƙarshen tebur ina kallon bakinsu. Sai na yi lissafi irin na yara, na ce takardar nan ce ke sa a matsa wa mutum a benci. Na tasa Baba a gaba. In ya dawo aiki ina bakin ƙofa, in yana alwala ina riƙe da buta, in yana cin tuwo ina zaune a gabansa, magana ɗaya ce: ya kai ni dutsen nan.

Baba a lokacin farar motar kaya yake tuƙa wa wani sito, yana kai kujeru da tebura garuruwa. Hutu ba ya cikin abin da ya sani. Mama kuma tana da tsohon cikin ƙanwata Ummi, da ƙyar take sauka bene. Ran nan sai ya shigo yana murmushi, ya ce ranar Asabar yana da kaya zuwa wani gari a bayan duwatsun yamma, kuma hanyar ta gindin dutsen zamiyar ta bi. “Uwata, ki shirya,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, da haka yake kirana. Mama ta tambaye shi wa zai zauna da ni in ya wuce da kayan. Ya ce ta bar masa wannan.

Sai na tsaya na yi bayani a nan, don waɗanda aka haifa a ƙasar nan ba za su gane ba. A gida, rashin mai rakiya ba ya hana yaro tafiya. A kai shi tasha, a yankar masa tikiti, a duba cikin fasinja a zaɓi mace mai kamala, a ce mata, “Ga amana.” Shi ke nan, magana ta ƙare. Ina 'yar shekara shida aka tura ni Mirriya wurin Kaka a haka. Matar da ban taɓa gani ba ta ɗora ni a cinya, ta ɓare min ƙwai, na yi barci na jiƙa mata zani ba ta ce uffan ba, kuma ba ta saki hannuna ba sai da ta danƙa shi a hannun Kaka a cikin zaure. Da wannan Baba ya girma. A wurinsa yaron da aka ba da amanarsa ba shi kaɗai yake ba, yana da uwa har a dawo.

Mama kuwa, duk da ba ta cika fita ba, ta fi shi sanin garin. Akwai wata mata a ginin da ke kallon namu da ta bar 'ya'yanta suna barci ta leƙa kanti, kafin ta dawo maƙwabci ya kira 'yan sanda, an kwashe yaran, sai da aka sha wuya aka dawo da su. Tun daga ranar Mama ke nanata min magana ɗaya kamar karatun allo: “A ƙasar nan in aka ga yaro shi kaɗai ɗauke shi ake yi, sannan a nemo uban a ce ya kawo takardu.” Takardun Baba kuwa a lokacin ba su kammala ba. Ban san abin da ya rage ba, na dai san in an ƙwanƙwasa mana ƙofa ba a buɗewa sai an leƙa ta 'yar huda.

Mun fita bayan sallar asuba. Mama ta jibga min wando biyu, da jaket ruwan toka ta kantin gwanjo, da hula a kan ɗankwali, da safar hannun Baba ta aiki wadda yatsuna ba su kai ƙarshenta ba. A jaka akwai burodi, da dafaffen ƙwai, da yaji a leda, da kunun gyada a fulas. Hanya ta yi ta hawa tana lanƙwasa, kunnena ya toshe, kujerun bayan mota suna gwara kai, Baba yana ta ja min kunne in gaida manya. Da muka iso na ga dutsen fari fat, mutane suna gangarowa a kansa kamar tururuwa a kan gari. Ban ji tsoro ba. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so hawa dutsen nan ba.

A tagar sayar da tikiti Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna ni, ya nuna sama. Yarinyar da ke ciki ta tambayi wani abu da sauri ta bayan gilashi, ga layi a bayanmu, Baba ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in bai ji ba. Yanzu na san abin da ta tambaya: ko muna da namu katakan zamiya, dogayen nan da ake ɗaurawa a ƙafa. Shi a ganinsa kuɗin mota ya biya, wanda ya yanki tikiti kuwa wurin zama ya samu. Ni a ganina katakan a can sama ake rabawa. Ta miƙo tikiti da 'yar wayar nan, Baba ya karɓa zai sa a aljihun gaba, don shi a wurinsa takarda ba a lanƙwasa ta. Sai wata baturiya a bayanmu, mai koriyar hula da tuntu, riƙe da 'ya'ya biyu, ta yi dariya, ta durƙusa a gabana, ta zura wayar a zif ɗina, ta ɓare bayan takardar ta manna ta a kai. Baba ya dube ta sama da ƙasa. Na san kallon nan, kallon tasha ne. Ya cire hularsa, ya haɗa ɗan Turancinsa, ya ce mata ga 'yarsa, ta duba masa, zai je ya dawo. Ta yi murmushi har kunne ta ce babu damuwa. Ya juyo wurina fuskarsa a sake. “Kin ga Allah ya haɗa mu da ta kirki. Ki bi ta, ki ji maganarta. Bayan la'asar ina nan.” Ya cusa min kuɗin abinci a aljihu, ya tafi.

Ban san me matar ta ji ba. Wataƙila ta ɗauka mota zai je ya ɗauko wani abu. Na dai bi ta har wurin benci, ta ɗaura wa 'ya'yanta katakai ta ɗaura nata, ta ɗaga min hannu, suka sulale. Na bi su da gudu cikin takalmin makaranta, na shiga layin lif, ƙirjina a gaba don a ga tikiti. Da na iso, saurayin da ke dubawa ya kalli zif ɗina, ya kalli ƙafata. Ya ce ina katakaina. Ya ce ba a hawa sai da su, don kujerar kai mutum take yi, ba ta dawo da shi, da ƙafarsa zai gangaro. Ya nuna min wani dogon ɗaki ya ce a can ake haya. Na je. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar safa, takalma jere har sili. Mutumin da ke wurin ya ce babu wuya, in kira mamana ko babana ya sa hannu kawai. Sannan ya sunkuyo ya ce, “Da wa kika zo?” A nan ne tsoro ya kama ni, ba a gaban kujera ba. Na ce babana yana waje, na juya na fita a hankali, don mai gudu ake bi da ido.

Daga nan aikin ranar ya canja. Ba hawa dutse ba ne kuma, aikin shi ne kada kowa ya gane ni kaɗai ce har Baba ya dawo. Na fara da tsayawa a bayan iyalai, kusa yadda za a ce tare muke, nesa yadda ba za su waiwayo ba. Amma wa zan ruɗa? Kusan duk turawa ne, ni baƙa da ɗankwali yana leƙowa ta ƙarƙashin hula. Sai na koyi wata dabara: in tsaya a bakin shinge in ɗaga kai sama, in zaɓi wani mai gangarowa, in yi ta ɗaga masa hannu ina tsalle kamar nawa ne. In ya iso ƙasa ya wuce, in zaɓi wani. Haka na wuni ina gaida mutanen da ba su san da ni ba. Mutum ɗaya ne ya amsa, wani tsoho, ya ɗaga sandarsa yana dariya, kuma wannan ya fi sauran ciwo. In sanyi ya ci ƙarfina sai in shiga bayin mata in sa hannu a ƙarƙashin injin busar da hannu. A can na ci ƙwaina, a tsaye, ƙofa a kulle, don kada ƙamshin yaji ya jawo ido. Azahar ta zo ta wuce, ban yi ba, don yarinyar da ta kalli gabas ita kaɗai a kan ƙanƙara kowa sai ya tsaya kallonta.

Can da rana wata bas ta sauke yaran wata coci, baƙaƙe kamar ni. Na raɓa cikinsu na ɗan huta, har na ji ɗumi. Matar da ta kawo su tana ƙirga kawuna sai ta ga ƙari. Ta ce, “Ke kuma 'yar wa ce, 'yan mata?” Na nuna sama na ce babana yana kan dutse. Ta ja min zif har wuya, ta murza hannayena a cikin nata, ta ce in gaya wa babana ya saya min safar hannu ta kirki. Saura kaɗan in faɗa jikinta in fashe da kuka in gaya mata komai. Na ce na gode, na koma bakin shingena.

Akwai wani ma'aikacin wurin mai jar jaket da rediyo a kafaɗa da ya daɗe yana kallona. Na canja wuri, ya bi ni da ido. Na ɗaga wa wani hannu, bai ruɗu ba. Da na ga ya nufo ni yana taɓa rediyon, sai na ji muryar Mama a kunnena, na ga Baba a tsaye ana ce masa ya kawo takardu. Daidai lokacin baturiyar nan mai koriyar hula ta gangaro. Na ƙwala mata kira da iyakar ƙarfina, “Madam!” Ta tsaya, ta yi jim tana kallona, sai ta tuna. Ta ce, “A'a, 'yar ƙawata! Kina jin daɗi dai?” Ta shafa kaina, ta gyara min tikitin da ya juya, ta cire katakanta ta nufi ɗakin abinci da 'ya'yanta. Na bi bayansu kamar ta uku har cikin ƙofa. Da na waiwaya, mai jar jaket ya juya ya tafi. Iyakar abin da ta yi min ke nan duk wunin, kuma ba ta ma san ta yi ba.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da na hango Baba yana tahowa da sauri cikin takalmin aiki, yana zamewa yana gyarawa. “Uwata! Sau nawa kika hau?” Ya ɗaga kai yana kallon kujerun kamar ƙaramin yaro. “Zo ki hau ɗaya in gani da idona, in ba Mamanki labari.” Ya kama hannuna ya nufi layi. Na san abin da zai biyo baya. Za a hana ni, Baba zai ɗaga murya ya ce ai ya biya, mai jar jaket zai zo, kuma tambayar farko ita ce ina ya shiga tun safe. Sai na turje. Na ce, “Baba, tsoro nake ji.” Ya ce, “Tun safe?” Na ce tun safe. Ya yi dariya har da tari, ya rungume ni, ya ce babu komai, shi ma da shi ne ba zai hau abin da ba shi da direba ba. Sannan ya tambayi madam. Na ce yanzun nan ta tafi. Ya ce ta kula da ni? Na ce ta kula. Ya juya wajen filin motoci, ya ɗaga hannu biyu, ya ce Allah ya raya mata 'ya'yanta. A mota da ɗumi ya fara shiga ƙafafuna suka ɗauki zogi kamar ana soka allura. Na juya fuskata wajen taga har muka iso gida.

Ranar Litinin na shiga makaranta da tikitina a zif. Wata yarinya ta kalle shi, ta tambaye ni wane gangare na bi. Na ce babban. Ta taɓe baki ta juya. Babu wanda ya matsa min a benci. Na ci gaba da cin abincina a ƙarshen tebur, sai dai yanzu da takarda a ƙirji. Da sanyi ya wuce Mama ta yanke ta da almakashi za ta wanke jaket, 'yar wayar kuma ta miƙar da ita, ta daɗe tana zura wa Baba zariya a wando da ita. Ita kaɗai ce ta ci amfanin tikitin nan.

Yanzu na gama sakandare, ina aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti a Wendover. Takardun Baba sun fito tuni. Mun koma wani ƙaramin gida a East Greensboro, da ɗan fili a baya inda Mama ke shuka yakuwa da kuɓewa. Ummi, wadda ke ciki a wancan lokaci, tana da ƙawaye fal, kuma in an ƙwanƙwasa ƙofa wangale ta take yi ba ta leƙa komai. Baba har yau yana sa baturiyar dutse a addu'a. In dattawa sun zauna bayan Juma'a suna cewa mutanen ƙasar nan ba su san mutunci ba, shi ne mai cewa a'a, shi ya taɓa ba wata amanar 'yarsa wuni guda, ta riƙe. Ba na jin haushinsa, ba na ma jin haushinta. Abin da nake kewa shi ne wurin da in Baba ya yi abin da ya yi, daidai ya yi.

Makon jiya muna cin abinci Ummi ta ce, da Turanci kamar kullum, duk 'yan ajinsu suna da tikiti a jaket, ita ma tana so. Baba ya ce ai kuwa ranar Asabar yana da kaya can, kuma ba za a rasa wata ta kirki ba. Na ajiye cokali. Ban gaya masa komai ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ya riƙe baturiyarsa, addu'ar ba ta faɗi ƙasa ba. Baba ba ya karanta Hausar boko, duk wanda kuma ya ɗauki wannan ya karanta masa, ni da shi ne. Abin da na yi shi ne na karɓi hutun Asabar a wurin aiki. Ni zan tuƙa Ummi. Tikiti biyu zan yanka, katakai na mutum biyu, ni zan sa hannu, kuma ba zan matsa daga gefenta ba ko da sau ɗari zan faɗi. Na ce wa Baba in ya sauke kayansa ya biyo ta gindin dutse, ya tsaya a bakin shinge ya ɗaga kai. Wannan karon in na ɗaga hannu, ina so wanda zai amsa ya zama nawa.